Girgizar giyabos a tsohuwar Porsche 911: in ɗaure ta da ƙarfe ko in bar mata robarta?

Bakatsine_Hamburg:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara na zo nema wurin manya.

Bara Allah ya nufa na mallaki wata tsohuwar Porsche 911 SC ƙirar 1980, a hannun wani dattijo a nan Jamus. Ta daɗe a ajiye. Injinta lita 3 ne mai silinda shida, giyabos ɗin kuwa shi ne wanda suke kira 915, mai giya biyar. Inji lafiya lau, ba hayaƙi, ba shan baƙin mai. Abu uku ne suka hana ni sakat. In tana tsaye a firi inji na silo, akwai wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani tana fitowa daga wajen kujerun baya, da na taka kulochi sai ta ɗauke ɗif. In ina tafiya a lamba biyu na ɗaga ƙafa daga totur, sai in ji "gum" a baya kamar an buga guduma. Sannan in na shiga kwana da ɗan gudu, daga biyu zuwa uku giya takan ƙi shiga sai na lallaɓa ta.

Wani abokin aikina ya ce kada in wahalar da kaina, in cire robobin injin-sit da giya-sit duka huɗun in sa na alminiyam zalla irin na masu tsere, komai zai tsaya cak. Zuciyata ba ta kwanta ba. Motar ta haura shekara 40, kuma yawon ƙarshen mako nake yi da ita, ba tsere ba. Me kuka gani?

Oga_Panteka:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri ya tsare hanya. Ƙanena, kafin ka sayi komai ka ɗora ta a kan lif ka shiga ƙarƙashi da tocila. Sa doguwar liba tsakanin giyabos da ƙarfen da ke riƙe da shi, ka ɗan ɗaga, ka ga nawa yake motsi. Roba mai shekara 40 ba sai an yi mata duba ba, ta mutu. Amma ni a kunnena ciwo uku ka lissafo, kuma ba lallai maganinsu ya zama ɗaya ba. Wannan ta tsakuwa a gwangwani da ke ɗaukewa in ka taka kulochi, ba ruwanta da sit. Daga ciki take.

Totur_Ƙasa:
Sa na ƙarfe kawai yallabai. Motar gudu ce ba motar kai amarya ba. Duk wanda ya taɓa tuƙa mota mai sit na ƙarfe ya san yadda giya ke shiga, ƙas, ƙas, ba laluben hanya.

Maman_Ilham:
@Totur_Ƙasa ka karanta abin da ya rubuta kuwa? Cewa ya yi yawon ƙarshen mako. Maigidana ya taɓa sa wa wata tsohuwar BMW tasa irin waɗannan masu taurin, wallahi ko madubin tsakiya ba ka iya ganin komai a ciki in an tsaya a danja. Daga Abuja zuwa Kaduna na sauka da ciwon kai. Sati biyu ya cire su.

Injiniya_Samaru:
Bari in ɗan tsawaita, a yi mini afuwa, don abokin aikinka ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne.

Girgiza iri biyu ce a nan. Akwai wadda inji da giyabos suke yi gaba ɗayansu, suna rausaya a kan robobinsu. A 911 an ɗaure su ne wuri guda kamar abu ɗaya, inji a bayan tayoyin baya, giyabos a gabansa, suna rataye a wuri huɗu: biyu can baya wajen inji, biyu a gaba wajen hancin giyabos. Wannan ita ce aikin sit. Akwai kuma ta biyu wadda ido ba ya gani: shaf ɗin inji da kansa ba ya juyawa sumul, fizga yake yi. Inji mai silinda shida yana tashin wuta sau uku a kowane zagaye. In yana silo a zagaye 900 a minti, zagaye 15 ke nan a sakan, wato fizga 45 a kowane sakan. Wannan fizgar tana bi ta fulawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke tsakanin inji da kulochi, ta farantin kulochi, ta shiga giyabos, ta tarar da haƙoran giya suna zaune ba kaya a kansu, sai su yi ta karo da juna. Ƙarar tsakuwar da kake ji ke nan, shi ya sa da ka taka kulochi ka raba inji da giyabos take yin shiru. Oga_Panteka ya yi daidai.

To sit na ƙarfe ba zai rage wannan fizga ko kaɗan ba. Abin da zai yi shi ne ya buɗe mata ƙofa ta shigo cikin mota, ka riƙa jin ta a kujera da sitiyari.

Ga kuma dalilin da ya sa tauri ba shi ne magani ba. Duk nauyin da ke zaune a kan roba yana da saurin lilonsa na kansa, kamar guga da aka rataye a igiyar roba. Roba ba ta fara tare girgiza sai saurin bugun inji ya haura saurin wannan lilo da ninki 1.4 ko fiye. In ka ƙara tauri, saurin lilon yana hawa sama, yana matsowa kusa da bugun inji a silo. Randa suka haɗu, girgizar ƙaruwa take yi. Da yawa suna sa roba mai tauri su ga abin ya fi na da muni, su rasa dalili.

Totur_Ƙasa:
Injiniya, lissafi daban, titi daban. To me ya sa motocin tsere duk ƙarfe ne?

Injiniya_Samaru:
Tambaya mai kyau. Don mai tsere ba ya zama a silo, injinsa kullum a sama yake, kansa cikin hular kwano, kuma bayan kowace gasa ana bin motar noti bayan noti ana dubawa. Ya yarda ya sayar da jin daɗi da tsawon ran kaya don giya ta shiga daidai a tsakiyar kwana. Ciniki ne mai kyau a wurinsa. Ɗan'uwanmu na Hamburg ba wannan cinikin ya zo yi ba.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum. Mu nan Nijar silambulok muke ce da wannan roba. Ni abin da zan ƙara, a duba mai. Ko silambulok sabo ne, in man buwat, wato giyabos, ko na inji yana ɗiga a kansa, wata kaɗan zai kumbura ya yi laushi kamar tuwon da ya kwana cikin ruwa. Na sha canja wa mutum, ya dawo yana faɗa wai kayan jabu na sa masa, alhali yoyon ne bai gyara ba. A toshe yoyo tukuna.

Alhaji_Fijo:
Ku yaran yanzu kuna ta Porsche, Porsche. Mu da muka tashi da 504 ta Kaduna, wadda aka fara haɗawa tun 1975, mun san yadda ake ɗaure giyabos. Bututun ƙarfe ne ya taso daga bayan giyabos har bakaksul, farfela na juyawa a cikinsa. Komai a layi ɗaya, ba mai gocewa. Shi ya sa take cin hanyar Birnin Gwari da kaya niƙi-niƙi ba ta ce uffan ba. Kuma kada wani ya ce ba motar gudu ba ce: mai ƙofa biyun nan, Coupé mai injin V6, ita ta ci gasar Safari ta Kenya a 1978, Jean-Pierre Nicolas ne a sitiyari.

Giyabos_Doctor:
Ranka ya daɗe Alhaji, gaskiya ne, kuma Porsche ma sun yi irin wannan bututu a 924 da 944 da 928, inji a gaba giyabos a baya. Sai dai ka lura da wani abu a Fijon taka: bututun ya ɗaure giyabos da bakaksul da junansu, amma inda duk wannan kaya ya taɓa jikin mota, roba ce a wurin. Ƙarfe tsakanin kaya da kaya, roba tsakanin kaya da bodi. Ba su ɗaure shi da bodi kai tsaye ba.

Alhaji_Fijo:
Haka ne ɗana. Allah ya yi maka albarka. Robar bayan nan ma in ta mutu, ka ji motar na gurnani a gudu 80.

Kofar_Ruwa_Sifeya:
Tunda an zo maganar roba, ni mai sayar da kaya ne, bari in faɗi abin da ba kowa zai faɗa ba. Mutane na son su ji an ce "tsohon ajiya ne, na kamfani, a kwalinsa". A ƙarfe wannan abin nema ne. A roba kuwa asara ce. Robar da ta shekara 25 a kan kanta ta bushe ko ba a taɓa ɗaura ta ba. Gara sabuwar da aka yi bana daga kamfanin kirki. Ka danna ta da farce, ka lanƙwasa, in ka ga ƙananan tsaga a fuskarta ka ajiye.

Yaro_Mai_Sifana:
Oga a garejinmu tsohuwar tayar babbar mota muke yankawa mu yi sit da ita, kuma tana kai shekara.

Oga_Panteka:
Yaro, wannan dabarar fita kunya ce in mota ta lalace a daji, ko mai ita ba shi da hali. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba. Amma taya akwai zare da waya a cikinta, an yi ta ne don ta ɗauki nauyi, ba don ta sha girgiza ba. Kusan sit na ƙarfe ka yi ba ka sani ba. Ka lura da motocin da kuka sa wa, bayan wata shida za ka ga salansa ta tsage a wuya ko notin giyabos ya kwance. Kada ka kai wannan jikin motar da ake magana.

Bakatsine_Hamburg:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yau bayan an tashi aiki na ɗora ta a lif kamar yadda Baba Oga_Panteka ya ce. Ga abin da na gani. Giya-sit na hagu robar ta rabu da ƙarfenta gaba ɗaya, na dama ya jiƙe sharkaf da mai, kamar yadda Malam Ɗan_Damagaram ya faɗa. Na baya wajen inji ba su tsage ba amma sun zauna. Sai na buɗe ɗan murfin nan da ke ƙasa gaban kujerun baya, inda sandar giya ke haɗuwa da ta giyabos. Bushin ɗin da ke cikin mahaɗar ya farfashe, gari-gari na kwaso shi da hannu.

Na kuma koma kan takardun da dattijon ya ba ni. Akwai rasit na canjin kulochi, an rubuta faranti mai sifirin, wato mai naɗaɗɗen ƙarfe a tsakiya.

Giyabos_Doctor:
Alhamdu lillahi, ai ka gano biyu da rabi cikin uku.

Giyar da ke ƙin shiga a kwana: sandar da kake riƙewa a jikin bodi take, giyabos kuma yana can baya yana lilo a kan mataccen sit. In ka shiga kwana duk kayan sun karkata gefe, sandar ta tsaya inda take, sai ramin giya ya goce daga inda hannunka ya saba. Ƙara da bushin da ya zama gari. Ka canja na mahaɗar, da ɗan kofin da ke ƙarƙashin sandar, da zoben da doguwar sandar ke ratsawa a cikin rami. Kayan ba su da tsada, amma za ka rantse wata motar aka ba ka. Kafin ka kwance mahaɗar ka yi mata alama da fenti, don saitinta na da wuyar dawowa.

Batun faranti kuwa, SC daga kamfani da faranti mai roba a tsakiya ta fito. An yi shi ne musamman don ya shanye fizgar da Injiniya ya yi bayani. Yana aikinsa, amma in robar ta tsufa sai ta ɓarke, gutsattsarinta su cushe kulochi, mota ta tsaya maka a hanya. Shi ya sa kusan kowa ya koma mai sifirin. Mai sifirin ba ya ɓarkewa haka, amma bai kai mai roba shanye fizga a silo ba. Saboda haka wani kaso na ƙarar tsakuwar nan halin motar ne yanzu, ba ciwo ba. Daga baya a 911 ƙirar 964 ne suka koma fulawil mai hawa biyu don wannan matsala.

Abu ɗaya: ka tabbata ba a sa mata fulawil mara nauyi ba. In an sa, ƙarar za ta ninka.

Zango_Kumasi:
Kada a manta da shaf na tayoyin baya. "Gum" ɗin da yake ji in ya saki totur, ba sit kaɗai ke kawo shi ba. Mahaɗan shaf in sun ci, ko notinansu sun saki, haka suke yi. Tunda tana kan lif, kama shaf ɗin ka murɗa gaba da baya ka ji ko akwai wasa.

Bakatsine_Hamburg:
@Zango_Kumasi na murɗa, akwai ɗan wasa kaɗan a na dama ta ciki, notinan dai a ɗaure suke. Zan wanke su in sake giris in gani.

Amma ga wani abin da ya tayar mini da hankali. Na juye man giya, kusan lita 3 ya fito, baƙi ƙirin. A kan maganaɗisun notin juyewa akwai laushin garin ƙarfe kamar kwalli, wannan na san ba komai. Sai dai akwai 'yan ɓarɓashi guda uku masu ƙyalli, kamar yankan farce.

Oga_Panteka:
Kwalli ba komai. Yankan farce kuwa magana ce. Wani abu na ci a ciki.

Giyabos_Doctor:
Zai iya zama ƙananan haƙoran da ke kama giya ta ɗaya ko ta biyu, don 915 ta yi suna wajen cin su in ana yi mata gaggawa. Irin sinkiron da ke cikinta, wato abin da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga, tsohon tsarin Porsche ne na zobe, yana son a ɗan dakata tsakanin giya da giya. Sai a 1987 da suka koma giyabos G50 na kamfanin Getrag abin ya sauya. Kuma mota da aka daɗe ana tuƙawa da mataccen bushin, giya ba ta shiga har ƙarshe, dole haƙora su ci.

In har za ka buɗe, a nan ne maganar ƙarfafawa take da amfani, ba a sit ba. Wuri biyu ne. Na farko, boris ɗin manyan shaf biyu suna zaune ne a jikin kaskon, kowanne da farantin da ke danne shi. Da tsufa ramin boris na shaf ɗin finiyo, wato ƙaramar giyar da ke juya difiransha, yakan buɗe, boris ya fara motsi a mazauninsa. Akwai faranti guda na ƙarfe mai kauri da ake yi wanda ke danne su biyun tare, ya raba nauyin. Na biyu, murfin gefe na difiransha. In inji ya turo ƙarfi, finiyo yana ture babban kambun giya gefe, murfin ya ɗan ba da kai, haƙora su daina haɗuwa daidai. Ana sayar da murfi mai kauri da aka sassaƙa daga dunƙulen alminiyam.

Ka ga wannan shi ne ɗaurewa ta gaskiya: a hana shaf gocewa daga layinsa a ciki. A waje kuma a bar roba ta yi aikinta.

Torino_GTV6:
Doctor, a nan zan saɓa maka kaɗan, da girmamawa. SC ta 1980 ta Turai doki 188 ce. Kaskonta kuma alminiyam ne, ba magniziyam irin na 915 na farko-farko ba. Murfin gefe mai kauri na waɗanda suka ƙara wa inji ƙarfi ne ko masu shiga fili. In ya canja murfin sai an sake saita matsin boris na difiransha da tazarar haƙora, aikin da ke buƙatar agogon awo da wanda ya iya. In aka kuskure, giyabos da ba ya kuka zai fara kuka. Farantin boris na yarda, tunda an riga an buɗe. Murfi kuwa kashe kuɗi ne a inda ba ciwo.

Giyabos_Doctor:
Ban ƙi taka ba. Ni dai na ga ramin boris da ya buɗe a motar da ba a taɓa injinta ba, shi ya sa nake tsoro. A murfi zan iya sassautawa, a faranti ba zan sassauta ba.

Torino_GTV6:
Mun daidaita a rabi ke nan. Bari in ba ku nawa labarin, don ku san ɗan'uwanmu yana cikin sauƙi. Tawa Alfa Romeo GTV6 ce. Inji a gaba, kulochi da giyabos duk a baya, saboda haka farfela tana juyawa ne da saurin inji, ko mota na tsaye. Robobi uku ne a jikinta masu kama da zobe, nan Italiya giubo suke ce musu, daga sunan injiniyan da ya ƙirƙiro su, Antonio Boschi. Masu Marsandi sun san irinsu a bayan giyabos. Wani gareji suka canja mini su ba su yi wa farfelar alama ba kafin su raba ta, suka kuma yanke ɗaurin ƙarfen da ke zagaye da sabuwar roba tun kafin su ɗaure notina, alhali sai an gama ɗaurewa ake yanke shi. Da na tayar da mota, a zagaye 3000 kujera kamar injin niƙa. Wata huɗu ina bin abin, sai da aka kai farfelar aka sake daidaita nauyinta gaba ɗaya. Tun daga ranar ba na kwance komai mai juyawa ban sa masa fenti ba.

Maman_Ilham:
Wannan gaskiya ne. Ko a Marsandi 200 ta mahaifina haka aka yi, aka canja boris na tsakiyar farfela aka mayar da ita ba daidai ba. Har aka sayar da motar tana wannan rawar.

Mai_Bitil_Jos:
Ni Bitil gare ni ta 1978, kuma tsarinta ɗaya da na ɗan'uwanmu, inji a baya giyabos a gabansa, sai dai tawa talaka ce. Na taɓa bin shawara irin ta Totur_Ƙasa, na sa na ƙarfe a hancin giyabos kaɗai na bar na baya da roba. Ba a yi wata uku ba hancin ya tsage, mai ya tsiyaye. Duk motsin da robobin baya suka bari, hancin ne ya ɗauke shi shi kaɗai. Na kai wa mai walda, Allah ya taimake ni dattijo ne, ya ƙanƙara kaɗan ya duba ya ce wannan magniziyam ne, ba zai sa masa wuta ba, in ya kama ruwa ba ya kashe shi sai ma ya ƙara masa ƙarfi. Sai wani hancin na nemo.

Injiniya_Samaru:
@Mai_Bitil_Jos wannan darasi ne babba, na gode da ka kawo shi. Wuri huɗu in ɗaya ya fi sauran tauri nesa ba kusa ba, shi zai sha dukan duka. Ko dai a ɗaga su tare ko a bar su tare.

Totur_Ƙasa:
To na ji, ƙarfe ya yi yawa. Amma ku yarda da ni roba irin ta kamfani ta yi laushi. Akwai tsaka-tsaki ai. Su Porsche da kansu sun sa masu ɗan tauri a Carrera Club Sport. Ga kuma na foliyuritan, wani nau'in robar haɗi, masu launin ja ko rawaya.

Giyabos_Doctor:
Yanzu ka zo inda za a yi magana. Irin na Club Sport roba ce har yanzu, taurin kaɗan aka ƙara, mutane da yawa na sawa a motar titi suna jin daɗi. Foliyuritan kuwa mai ba ya cin sa kamar roba, wannan alherinsa ne, amma yawancin wanda ake sayarwa ya fi roba tauri sosai, kuma a sanyin Jamus zai ƙara ƙanƙamewa. Da safe a watan Janairu zai ji kamar ƙarfen ya sa.

Hajiya_Bremen:
Ƙanena Bakatsine, wani ɓangaren da ba a taɓo ba. In motarka na da lambar H ta motocin tarihi, wadda ake ba motar da ta cika shekara 30, ka san sharaɗin shi ne ta zauna kusa da yadda ta fito, gyare-gyare su zama irin na zamaninta. Abin da ke cikin giyabos ba mai gani. Amma jan sit ko dunƙulen alminiyam mai ƙyalli a ƙarƙashi, mai duba mota na TÜV, masu gwajin lafiyar motoci a Jamus, zai gani, kuma yana iya yi maka tambaya. Ka tuntuɓe su kafin ka saya, kada ka biya sau biyu.

Bakatsine_Hamburg:
Yaya Hajiya na gode, tana da H ɗin kuwa, kuma wallahi ban kawo wannan a raina ba.

Yaro_Mai_Sifana:
Don Allah manya wane man giya ake zuba wa irin wannan? Ko na injin zai yi?

Shugaban_Zaure:
Yaro, ka buɗe wa tambayar mai zare nata daban, don in aka fara ta nan ba za a gama ba. A taƙaice dai ba na inji ba, man giya ne mai lambar GL-5, saboda difiransha na cikin kasko ɗaya da giyoyin. Mu koma kan maganar sit.

Oga_Panteka:
Ni dai ga yadda zan yi in motata ce. Toshe yoyo. Sabbin robobi huɗu iri ɗaya. Bushin na sanda duka. Giris a shaf. Sabon mai. Sannan in tuƙa ta kilomita 1000 a hankali, in sake juye man in duba maganaɗisu. In ya fito da kwalli kaɗai, ɓarɓashin nan tsohon ciwo ne na lokacin da giya ba ta shiga daidai, sai in ci gaba da tafiyata. In ya sake fito da yankan farce, sai a sauke. Kada ka canja abu goma rana ɗaya har da buɗe giyabos, in ƙarar ta tafi ba ka san wanda ya kore ta ba, in ta zauna ba ka san wanda za ka kama ba.

Giyabos_Doctor:
Baba, ina jin tsoron kilomita 1000 ɗin nan. In boris ne ke motsi a mazauninsa, kowace tafiya ƙara buɗe ramin take yi, kuma gyaran kasko ya fi faranti tsada nesa. A 911 inji da giyabos tare ake sauke su, aikin yini ɗaya ne ga wanda ke da lif. Lokacin sanyi na zuwa, motar za ta kwanta dama. Ni da zan sauke yanzu.

Oga_Panteka:
Boris mai motsi yana da kuka, ɗana, kuka mai bin gudun mota, yana sauya murya in ka taka ko ka saki totur. Bai ce ya ji wannan ba.

Giyabos_Doctor:
Da mataccen sit da ƙarar tsakuwa a kunnensa, ta yaya zai ji?

Bakatsine_Hamburg:
Ku duka biyun kun ba ni abin tunani. Abin da na yi zuwa yanzu: na fasa na alminiyam, na yi odar robobi huɗu da bushin da sil na inda ke yoyo. Na tsaya tsakanin irin na asali da na Club Sport, mai shagon ya ce zai riƙe mini odar zuwa Litinin. Ɓarɓashin ukun na sa su a 'yar leda, gobe zan kai wa wani tsohon bakanike da ya yi shekaru yana buɗe irin wannan giyabos, ya duba da gilashin ƙara girma ya gaya mini ko haƙori ne ko boris.

Totur_Ƙasa:
Club Sport. Ka ji ni dai.

Maman_Ilham:
Na asali. Uwargida ma za ta shiga motar ai.

Torino_GTV6:
Ka ɗora ɓarɓashin a kan farar takarda kusa da tsabar kuɗi ka ɗauko mana hoto kafin ka kai, mu ga girmansu. Kuma ka duba ko gefensu ɗaya na da santsi kamar madubi.